Kajin Gonar Gawo

Shekara shida na yi ina kuku a gidan wani Nasara a Tawa. Da ƙasa ta samu 'yancin kai, ba a daɗe ba ya ɗaure kayansa ya koma garinsu, ni ma na ɗaure nawa na koma ƙauyenmu da ke kan hanyar Affala, tafiyar rabin yini a kan jaki. Na iske ana yankan hatsi. Na shiga gona tare da ƙannena muka gama, muka kai damma rumbu. Ba a yi kwana goma ba magidanta da samari suka fara shirin tafiya kurmi, wato ƙasashen kudu na bakin teku, cin rani, yadda mutanen Adar suka saba. Kowa ya ɗauka da ni za a tafi. Ni kuwa tun ina madafar Nasara na riga na yanke abin da zan yi.

Duk kazar da na saya a kasuwar Tawa cikin shekarun nan, gashi ce da ƙashi. In na fige ta na aza a tebur, ƙashin ƙirjinta tsaye yake kamar bakin wuƙa, sai na wuni ina hura wuta kafin ta yi laushi. A lokacin ba mai kiwon kaza don nama. Kaza tana yawonta cikin gida, tana tsintar abin da ya faɗo daga turmi, ranar da aka yi baƙo sai a bi ta da gudu a kama. Ga shi kuma Tawa tana ta cika da sababbin ma'aikata, malaman lakwal, wato makarantar boko, ma'aikatan likita da na buro, wato ofis, daga Yamai, daga Doso, daga Gaya, mutanen da suka saba ganin nama cikin tukunya kowane mako. Na san za su nemi kaza mai tsoka, kuma na san ba za su same ta ba.

Ranar da na gaya wa mahaifina, yana zaune a zaure yana tufkar igiya. Bai ɗaga kai ba.

"Kaji?" ya ce. "Kajin nan da ke yawo cikin gida?"

"Su, Baba."

"Tsararka sun tahi biɗar tufa da abin aure, kai ka zamna kana watsa ma kaji dusa kamar tsohuwa?"

"Ba cikin gida zan yi ba. Gonar gawo nike so ka bar mini har ruwa shi sauka."

Gonar gawo tana bayan tudu, arewa da gari. Ƙasarta ta gaji, rabinta kawai muke shukawa. Amma akwai manyan itatuwan gawo uku a tsakiyarta, waɗanda ke cika da ganye da rani sa'ad da sauran itatuwa suka tsaya tsirara, akwai kuma tsohuwar rijiya a gefen fadama. Baba ya ƙarasa tufkarsa, ya ɗaure bakin igiyar, sannan ya ce, "Tahi. Amma in dila ya cinye su, kada ka zo ka gaya mini."

Mai ɗakina 'yar Kalfu ce, ta zo gidanmu da kaji bakwai da wani jan zakara da uwarta ta ba ta. A daminar nan sun ƙyanƙyashe da yawa, 'ya'yan har sun fara tasawa. Na zauna ina yi mata bayanin yadda za a yi, ina zana mata a ƙasa da tsinke. Ta saurare ni har na gama, sai ta kwashe da dariya.

"Maigida, kai kazar da ka sani matatta ce. Ni mai rai na sani. Ka bar mini cinsu da shansu, kai ka yi gini da kai kasuwa."

Haka kuwa aka yi, kuma ban taɓa nadama ba.

Muka kafa bukka a ƙarƙashin gawon tsakiya muka tare. Na sari sabara da geza na saƙa manyan akurkai huɗu marasa gindi, kowanne mutum biyu na iya ɗagawa. Da rana kaji suna watse cikin karan hatsi suna bin fara, suna tonon abin da ya zube lokacin yanka. In rana ta yi zafi su taru a inuwar gawo. Kafin magariba mai ɗakina ta buga ƙwarya, su sheƙo su shiga akurki, mu danne gefe da duwatsu saboda muzuru da tunku. Kowane kwana uku mukan ɗaga akurkan mu matsa gaba inda ba a taɓa tona ba. Ita ce ta nace a kan haka. Ta ce kazar da take kwana kan kashinta ba ta ƙiba, ƙwarƙwata ce take cin ta.

Abin da ya fi sa su ƙiba kuwa gara ne. Takan cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, ta yayyafa ruwa, ta kife a bakin shuri. Washegari da hantsi in ta ɗaga, tukunyar ta cika da gara. Ta zazzage a ƙasa, ka ga kaji suna hawa bayan juna. Ni aikina jan ruwa ne da jaki, in cika kasake, in bi gidaje ina tara dusa. Matan gari a bakin rijiya suka raɗa mini suna sarkin kaji. In na wuce su ce, "Ranka shi daɗe, ina talakawanka?" In ce, "Suna gaishe ku, sun ce ku ajiye musu dusa." Ba su samu fushin da suke nema ba, sai abin ya zama wasa tsakaninmu.

Ana saura kwana biyu Kirsimeti na zaɓi goma sha biyu mafi nauyi, na zuba a kwanduna biyu, na aza wa jaki bayan sallar asuba. Ban nufi kasuwa ba. Na nufi unguwar ma'aikata, gidan wani malamin lakwal Kirista da na sani tun ina kuku. Matarsa, wadda kowa ke kira Madam, 'yar bakin kogi ce, Hausarta tana ɗan karkacewa, amma hannunta ya san kaza. Ta zaro ɗaya daga kwando, ta jinjina, ta lallatsa ƙirjin da babban yatsa, ta hura gashin bayan ta ga fatar ta yi rawaya da kitse. Sai ta dube ni.

"Wannan ina ta yi kiwo?"

"A gona, Madam."

"Kaza a gona? Me take ci?"

"Fara da gara da hatsin da ya zube."

Ta ɗauki uku. Sannan ta miƙo mini wuƙa ta ce, "Ka yanka mini da hannunka. Maƙwabtana Musulmi ne, su ma za su ci." Na juya gabas na yanka, na fige mata ɗaya na gyara irin yadda na saba. Kafin in wanke hannu ta riga ta leƙa ta kan darni ta kira matar wani ma'aikacin likita, ita kuma ta kira wata. Ba a yi azahar ba kwandunana suka zama wofi. Daga ranar, duk Asabar ina unguwar nan, har na san gidan da ke son zakara da gidan da ke son sagara, wato budurwar kaza.

Da bazara 'yan kurmi suka dawo da atamfa da agogon hannu, wani ma da rediyo. Ba zan ɓoye ba, ranar da na ga mutane sun kewaye mai rediyon nan, raina ya ɗan sosu. Amma na dubi ɗana na fari da aka haifa a watan nan ina tsaye a ƙofar ɗaki, ban ji labarinsa a bakin matafiyi ba, sai abin ya wuce.

Ruwa ya sauka, muka kwashe kaji zuwa wani fako da ba a shukawa, aka shuke gonar gawo. Da hatsi ya kai gwiwa sai ga wani abu da ni kaina ban zata ba. Duk inda akurki ya kwana, hatsin ya yi baƙi-ƙirin don kore, ya ɗara na kusa da shi tsawo, da'ira bayan da'ira a jere har ƙarshen gona. Baba ya zo noma ya tsaya yana kallo, hauya a kafaɗa. Sai bayan kaka, da zan mayar da kaji gonar, ya ce, "Bana ka faro daga gabas, can ƙasa ta hi gajiya."

A rani na biyu wani likitan dabbobi ya ji labarina ya biyo ni har gona. Saurayi ne ɗan Damagaram, bai daɗe da gama karatu ba, mai fara'a da saurin magana. Ya zo da wani farin zakara irin na ƙasar Turai, ƙato, ƙafafunsa kamar na angulu. Ya ce gwamnati ce take rabawa don a gyara iri, amma sai na yanka nawa zakarun duka. Ni da na ci shekaru ina ganin kayan Nasara, nan take na yarda. Da ya tafi mai ɗakina ta ce, "Ka yanka duk wanda kake so. Ja dai ba a taɓa shi." Muka yi ta ja-in-ja har yamma, daga ƙarshe muka raba garken biyu, rabi da fari, rabi da ja.

'Ya'yan farin sun fito manya, ba ƙarya. Amma farare ne tas, shirwa tana hango su tun daga sama, kullum sai ta ɗauke ɗaya ko biyu. Mai ɗakina ta aika aka samo mata ruwan baba daga marina, ta riƙa tsoma 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya. Gonarmu ta cika da shuɗɗan 'yan tsaki, masu wucewa suna tsayawa suna dariya, shirwa kuwa ta yi ta shawagi ta rasa gane abincinta. Shi farin zakara bai ga damina ba. Da zafin bazara ya tsananta, sai ya riƙa wuni a gindin gawo baki buɗe, fukafukai a ƙasa, wata rana da la'asar muka iske shi ya miƙe. Jan yana kan akurki yana cara. Mai ɗakina ta ɗan daɗe tana kallona. 'Ya'yan da farin ya bari muka haɗa su da namu, jikokinsu suka fito da nauyinsa da jimirin na gida.

Abin da ya fi zakaran amfani shi ne wata magana da likitan ya yi mini yana shirin hawa kekensa. Ya ce ciwon da ke share kajin gari duk bayan 'yan shekaru ba iska ce take kawo shi ba, kamar yadda muke cewa. A jikin kaza yake tafiya, da kwando, da takalmin mutum. Tun daga ranar muka kafa doka: kazar da ta je Tawa ba ta dawowa gona, ko ba a saya ba sai dai a yanka ta a can. Kazar wani kuma ba ta shigowa, ko kyauta ce. Kwandunan kasuwa a bayan tudu nake barinsu cikin rana.

A ɗarin shekara ta uku ciwon ya shigo ƙauyenmu. Daga gidan wani da ya sayo zakara a kasuwa ya fara. Kaza ta saki fukafukai, ta yi zawo kore, wuyanta ya murɗe, kwana biyu ta mutu. Cikin mako guda in ka bi bayan gari ba abin da kake gani sai gashi. Na daina shiga gidaje neman dusa, muka koma ɓarza hatsinmu.

Wata safiya ina jan ruwa na hango mutum ya sauko daga tudu da kwando a ka. Tun daga tafiyar na gane Baba ne. Na saki guga na tare shi a bakin gona, tun bai kai ga kara ba, na durƙusa na gaishe shi.

"Kajin uwarka ne," ya ce. "Biyar sunka rage. Tun jiya take kuka. Ka sa su cikin naka, nan ciwon bai iso ba."

Na dubi kwandon. Lafiyarsu lau a ido, sai ɗaya da take lumshe ido. Mai ɗakina tana can nesa ta durƙusa ta sunkuyar da kai, don ba ta magana a gaban surukinta, amma ina jin idonta a bayana. Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa mahaifina a'a ba.

"Baba, ka yi mini gafara. Ba su shiga."

Ya dube ni kamar bai ji ba. Sannan ya ce, "Mi kac ce?"

"In sunka shiga, duka za su mutu, nata da namu. Ka bar mini su nan bayan tudu, in yi musu wuri, in riƙa kai musu ruwa da kaina."

"Gonar wa ce wannan?"

"Taka ce, Baba."

"Cikin gonata kake tare ni?"

Ban ɗaga kai ba, ban kuma matsa daga hanya ba. Ko kaɗan ban yi shakkar abin da nake yi ba. Ya daɗe a tsaye. Daga nan ya sauke kwandon a ƙasa a hankali, ya juya, ya hau tudu bai waiwaya ba.

Na kai kajin Inna bayan tudu na kafa musu inuwa da zana. Safe da yamma ina kai musu ruwa da sassaƙen maɗaci a ciki, in tuɓe takalmi can, in wanke hannu da ƙafa da toka kafin in dawo. Kwana huɗu suka yi, duk suka mutu. Na haƙa rami mai zurfi na binne su, na ƙona kwandon. Na je gida na gaya wa Inna, ta share hawaye ta ce Allah ya sa iyakar asarar ke nan. Baba kuwa in na gaishe shi sai ya amsa da ka. A masallaci ya daina tsayawa kusa da ni. Magana ta bazu cewa kaji sun fi mini ubana, har wani kawuna ya tare ni a hanya ya wanke ni tas. Na saurare shi na ce na gode. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na rame a watan nan, amma kowace safiya in muka ɗaga akurki sai garken ya fito da gudu, ba ko ɗaya mai sakin fiffike.

Sai da aka yi wata biyu ba a ji carar zakara a ƙauyenmu ba. Mai ɗakina ce ta fara kawo maganar. Ta ce, "Ciwon ya wuce. Garin nan ba shi zama babu kaza. Mu ware sagaru mu raba." Na ce to, amma ba da hannunmu ba. Ranar Juma'a bayan an sauko na bi Baba har zaure, na durƙusa.

"Baba, mun ware sagaru talatin da zakaru shida don mutanen gari. Ni ban san wanda ya kamata a fara ba. Kai ka san gidajen."

Ya dube ni, karo na farko cikin wata biyu ido cikin ido.

"Ko ɗaya ba ta mutu ba?"

"Ko ɗaya."

Ya shafa gemu, ya yi gyaran murya. "Gobe da hantsi ka kawo su ƙofar gida. A ce ma mata kowa ta share akurkinta ta zuba toka, ta zo da sabon kwando. Wadda taz zo da tsoho ba ta samu."

Washegari ya sa babbar rigarsa ya zauna a kan buzu, ni ina tsugune gefe ina miƙo masa. Ya fara da matan da mazansu suka rasu, sannan masu goyo, sannan gidajen da mazan ke kurmi. Zakarun ya raba su unguwa-unguwa, ya ce kada wadda ta kulle nata ta hana maƙwabta. Kowace kaza sai ya jinjina ta ya lallatsa ƙirjinta kafin ya miƙa, ya ce, "Ji nauyi. Wannan a gonata ta yi kiwo." Yana cikin jin daɗin rabon har kwanduna suka ƙare, ya kakkaɓe hannu zai tashi. Sai ga Inna ta fito daga cikin gida da sabon kwandonta, wanda ta kwana tana saƙawa.

"Malam, ni fa?"

Mata suka fashe da dariya. Baba ya leƙa kwandon farko, ya leƙa na biyu, ya dube ni, ni ma na dube shi. Mai ɗakina ba ta jira an ce mata kome ba, ta karɓi kwandon daga hannun Inna ta nufi tudu. Kafin rana ta take ta dawo da babbar wake-waken kazarta, wadda ta fi duka iya reno, da 'yan tsakinta tara suna kuka a ƙarƙashinta. Inna ta zauna a ƙasa ta ciro su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ta ce a miƙo mata kasko da ruwa.